Littafin Aure da Littafin Rai

Karatu: Ezra 2:59-63, Matiyu 1:1-17, Malakai 2:13-16

  

Yau za mu yi magana a kan wani littafi wanda kusan kowace ikilisiya take da shi, amma ba a cika buɗe shi ba sai ranar biki, wato rajistar aure. Ango ya sa hannu, amarya ta sa hannu, shaidu su sa nasu, fasto ya rufe littafin, hankalin kowa ya koma wajen ɗaukar hoto da cin shinkafa. To, mene ne darajar wannan littafi, ina kuma iyakarsa? Wannan ce tambayarmu ta yau.

Bari mu fara da Maganar Allah. Sa'ad da Sairus sarkin Farisa ya ba Yahudawa izini su bar Babila su koma Urushalima, wajen shekara 538 kafin haihuwar Almasihu, aka ƙidaya masu komowa gida gida. Sura ta biyu ta Littafin Ezra jerin sunaye ce da lissafi, irin surar da mukan so mu tsallake a karatun safe. Jimlar taron ta kai mutum 42,360, ban da barori. Amma kusa da ƙarshen surar akwai labari mai ban tausayi. Iyali uku na firistoci suka zo a rubuta su, zuriyar Habaya, da ta Hakkoz, da ta Barzillai. Suka duba littafin asali, ba su ga sunayensu ba.

Ku lura da iyali na uku. Aure ne ya ba su wannan suna. Kakansu ya auri 'ya daga gidan Barzillai mutumin Gileyad, sai aka riƙa kiransa da sunan gidan surukansa. Barzillai kuwa shi ne attajirin dattijon nan mai shekara 80 wanda ya ciyar da Sarki Dawuda a Mahanayim, lokacin da yake gudu daga ɗansa Absalom. Suna ne mai daraja. Amma da jikoki suka zo bayan ɗaruruwan shekaru, sunan gidan surukai bai taimake su ba, gama ba shi ake nema a jerin firistoci ba. Aka dakatar da su daga aikin firist. Gwamna ya hana su cin abinci mafi tsarki, sai ranar da za a sami firist da zai nemi nufin Allah ta wurin Urim da Tummin. Aure ɗaya da aka ɗaura a zamanin dā, ga shi ya taɓa aikin jikoki da abincin bakinsu.

Irin wannan nema bai ƙare a zamanin Ezra ba. Har yau mutane da yawa a ƙasashen Turai suna bin tsofaffin littattafan majami'u domin su gano wa ya auri wa cikin kakanninsu. Za mu ɗauki Ingila misali, domin masu wa'azi daga can suna cikin waɗanda suka kawo wa ikilisiyoyinmu al'adar yin shelar aure da rubuta shi.

A watan Satumba na shekara ta 1538, zamanin Sarki Henri na Takwas, wazirinsa Tomas Kuromwel ya ba da umarni kowace majami'a ta ajiye littafi. Kowace Lahadi limamin majami'a zai rubuta baftisma da aure da jana'izar da aka yi cikin makon, a gaban dattijon da ke lura da kayan majami'a. Sa'an nan a sa littafin cikin akwati mai makulli biyu, ɗaya a hannun limami, ɗaya a hannun dattawa. Wanda ya yi sakaci a ci shi tarar sule 3 da kwabo 4. Talakawa ba su yi murna ba da farko, gama sun zaci dabara ce ta ɗora musu sabon haraji.

Takardun farko ba su da ƙwari, da yawa suka lalace. Saboda haka a 1598, zamanin Sarauniya Alisabatu ta Farko, aka ce a koma rubutu a littafin fata, a kwafe tsofaffin sunaye a ciki, kowace shekara kuma a aika wa bishop da kwafi. Wannan kwafi na bishop ya ceci tarihin iyalai masu yawa, domin inda littafin gari ya ɓata, nasa yakan tsira. Ikilisiyar Katolika ma, a babban taronta na Tirento a ƙasar Italiya, ta zartar a 1563 cewa sai an ɗaura aure a gaban limami da shaidu biyu ko uku, limami kuma ya rubuta shi a littafi.

Duk da haka auren ɓoye bai daina ba a Ingila. A Landan, a kewayen wani kurkukun masu bashi da ake kira Filit, akwai limamai da ke ɗaura aure ga duk wanda ya biya, ba tambaya, ba sanin iyaye. Sai majalisar ƙasar ta kafa doka wadda ta fara aiki ran 25 ga Maris, 1754. Daga ranar nan sai an yi shela Lahadi uku a majami'a, ko kuwa a karɓi takardar izini, a ɗaura auren a gaban shaidu akalla biyu, ango da amarya su sa hannu a littafi. Daga 1 ga Yuli, 1837 kuma, gwamnati ta fara tata rajista, aka ƙara gurbin shekarun ma'aurata, da sana'arsu, da sunayen ubanninsu.

Yaya mai nema yake yi? Yakan fara daga abin da ya sani, ya riƙa komawa baya sannu a hankali. In ya ga baftismar kakansa, zai ga sunan uban kakan. Sai ya nemi auren iyayen cikin shekarun da suka gabaci baftismar. Layin aure ya fi kowane layi amfani gare shi, domin sau da yawa a nan ne kaɗai zai ga sunan gidan su amarya kafin ta ɗauki sunan miji. In bai samu a garin ango ba, ya duba garin amarya, gama yawanci can ake ɗaurawa. Yakan duba sunayen shaidu ma, domin galibi dangi ne. Yanzu an kwashe mafi yawan tsofaffin littattafan zuwa gidajen adana takardun tarihi, an kuma sa hotunan da yawa daga cikinsu a intanet.

To, 'yan'uwa, me masu neman nan suke tararwa? Akwai abu uku da za su koya mana.

Na fari, sukan tarar da kakannin da ba su iya rubuta sunansu ba. Wajen shekara ta 1840, kusan kashi ɗaya bisa uku na angwaye da kusan rabin amare a Ingila ba su sa suna a rajista ba, sai dai su zana alama kamar gicciye, limami ya rubuta a gefe cewa alamar wane ce. Amma aurensu ya ɗauru. Manomi da bai taɓa shiga makaranta ba, da ɗan sarauta mai hatimi, alkawari iri ɗaya suka ɗauka, a littafi iri ɗaya aka rubuta su. Annabi Malakai ya faɗa wa mazajen zamaninsa dalilin da ya sa Allah ya ƙi karɓar hadayarsu ko da suna kuka a bagade. Dalilin shi ne sun ci amanar matan ƙuruciyarsu, Ubangiji kuwa da kansa ya tsaya shaida ranar da suka yi alkawarin. Shaidu biyu ne suke sa hannu a takarda, amma akwai wani Mashaidi wanda ba ya mutuwa, ba ya kuma mantuwa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya dangwala yatsa da wanda ya sa hannu da biro, nauyin kayansu ɗaya.

Na biyu, sukan tarar da kuskure, sukan kuma tarar da abin da iyali suka so su rufe. Waɗanda suka yi makaranta sun san sunan Wiliyam Shakspiya, shahararren marubucin wasannin kwaikwayo. A littafin bishop na Wusta, ran 27 ga Nuwamba, 1582, an rubuta cewa an ba shi izinin auren wata An Wateli. Kashegari, a takardar masu tsaya masa, aka rubuta An Hatawe, wadda ita ce matarsa da duniya ta sani. Yawancin masana suna ganin alƙalamin magatakarda ne ya zame. Littafin majami'ar garinsu kuma ya nuna an yi wa 'yarsu ta fari baftisma ran 26 ga Mayu, 1583, wata shida ke nan bayan izinin auren. Takarda ba ta da kara. Abin da aka rubuta, shi za ta faɗa wa duk wanda ya buɗe.

Amma a nan sai mu yi hankali da saurin yanke hukunci. Kafin 1752, a Ingila sabuwar shekara tana farawa ne ran 25 ga Maris. A ce mutum ya ga an ɗaura auren kakanninsa a watan Afrilu 1720, ya kuma ga baftismar ɗansu a watan Fabrairu 1720. In bai san lissafin zamanin ba, sai ya ce an haifi yaron kafin aure. Alhali kuwa Fabrairun nan ya zo ne wata goma bayan bikin. Da haka sai jika ya shafa wa kakarsa baƙin jini, ita kuwa tana kabari, ba ta da bakin kare kanta. Sau nawa mu ma mukan ɗauki rabin labari mu yanke wa wani gida hukunci, har mu hana 'ya'yanmu aure a can?

Na uku, sukan tarar da gurbi, shafi babu kome. A 1653, bayan yaƙin basasar Ingila, aka karɓe ɗaurin aure daga hannun limamai aka ba alƙalai, shi ya sa littattafan majami'u da yawa suke da giɓi har zuwa 1660. A Dabilin ta ƙasar Ailan, ran 30 ga Yuni, 1922, wuta ta cinye gidan ajiyar takardun ƙasa lokacin yaƙi, tsofaffin rajistocin majami'u masu yawa suka zama toka. Akwai kuma gurbin da mutane suka bari da gangan. Daga 1837 takardar aure a Ingila tana da wurin sunan uban ango da uban amarya, amma ba wurin sunan uwa. Sai a watan Mayu na 2021 aka gyara wannan. Shekara fiye da 180, matan da suka ɗauki ciki, suka yi goyo, suka yi reno, ba a ga sunansu a takardar auren 'ya'yansu ba.

Yanzu mu buɗe Matiyu sura ta fari, inda aka rubuta asalin Ubangijinmu. Bisa ga al'adar Yahudawa, ta wajen maza ake bin asali. Amma Ruhu Mai Tsarki ya sa Matiyu ya ambaci mata huɗu kafin ya kai ga Maryamu. Ga Tamar, wadda ta haifi tagwaye da surukinta Yahuza. Ga Rahab, karuwar Yariko. Ga Rut, baƙuwa daga Mowab. Ga kuma matar Uriya, wadda Dawuda ya ƙwace, ya sa aka kashe mijinta. Da mu aka ba aikin rubuta asalin sarki, da mun goge waɗannan layuka. Allah bai goge su ba. Ya bar su a shafin farko na Sabon Alkawari, domin mu sani Mai Ceto ya shigo cikin iyali irin namu, mai tabo, mai abin kunya, ya zo kuwa domin ya ceci mutanensa daga zunubansu. Saboda haka, ɗan'uwa, in ka bincika asalinka ka ga abin da ya sa ka sunkuyar da kai, kada ka fid da zuciya. In kuma ka ga sarauta da malanta, kada ka yi fahariya. Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi waɗanda suke taƙama da cewa Ibrahim ne kakansu, Bulus kuma ya ja kunnen Timoti da Titus a kan gardamar asali wadda ba ta ƙarewa, ba ta kuma gina kowa.

Ina wannan magana ta same mu? Bishara ba ta daɗe a ƙasarmu kamar Ingila ba. 'Yan mishan na farko na SIM sun sauka a Legas a 1893, na SUM suka kai Wase a 1904, aikin Garkida ya fara a 1923, aka gina majami'ar Wusasa a 1929. Ke nan tsofaffin rajistocinmu ba su da yawa, shi ya sa kowane ɗaya yake da tsada. A cikinsu akwai sunayen waɗanda suka fara tsayawa a gaban ikilisiya suka yi alkawarin mace ɗaya, miji ɗaya, a lokacin da danginsu suke yi musu dariya, waɗansu ma aka kore su daga gida.

Muna roƙon fastoci da dattawa da sakatarorin ikilisiya, ku je ku duba akwatin nan cikin makon nan. Ina tsohon littafin yake? Gara ba ta san darajar suna ba, ruwan da ke yoyo daga kwano ma haka, balle gobara ko tarzoma. Ku ɗauke shi daga ƙasa, ku sa shi inda ba laima. Ku yi kwafi, ku ɗauki hoton kowane shafi, ku aika da ɗaya zuwa ofishin gunduma, kamar yadda mutanen dā suka riƙa aika wa bishop. Kada littafin ikilisiya ya bi fasto in an yi masa canjin wurin aiki. Sa'ad da kuke rubuta sabon aure kuma, ku rubuta a natse, cikakken suna, da kwanan wata, da sunan gari. Ku tambayi yadda mutum yake rubuta sunansa. Zamewar alƙalami ta minti ɗaya tana iya wahalar da iyali shekara ɗari.

Muna kuma magana da ma'aurata. Akwai waɗanda suke zaune tare shekara da shekaru, sun haihu, amma kullum sai su ce sai sun tara kuɗin biki. 'Yan'uwa, ba a bukatar saniya kafin a tsaya gaban Allah da shaidu. Sa'ad da Bo'aza zai auri Rut, dattawa goma ya kira a ƙofar gari, ya sa su shaida a fili, domin kada wani ya zo daga baya ya ce bai sani ba. Dukanmu mun ga yadda dangin miji sukan taso wa gwauruwa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, su ce ba su san da aurenta ba, su kwashe gona da ɗaki, su bar marayu a waje. Mijin da yake ƙaunar matarsa ba zai bar ta ba hujja ba. A Nijeriya, auren da ake so doka ta san da shi ta hanyar rajista yana bukatar sanarwa ta kwana 21 a ofishin rajistar aure, a kuma ɗaura shi a ofishin ko a majami'ar da take da lasisi. Ku tambayi fastonku a kan wannan, ku adana takardarku da kyau.

Matasa, ku ma kuna da aiki. Tsohuwar da ke zaune a tsakar gidanku littafi ce. Ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta wa ya aure ta, a wane gari, wa ya kai sadaki, wane ne ya fara karɓar Almasihu a gidan. Ku rubuta, kada ku manta da sunayen iyaye mata.

Akwai kuma waɗanda suke sauraronmu da nauyin zuciya, domin sun san ba wani littafi da zai nuna auren iyayensu. Kakanninmu da yawa sun yi aure bisa ga al'ada, da sadaki da yardar iyaye, tun kafin su ji Bishara. Waɗansu kuma littafin ikilisiyarsu ya ƙone. Kada wannan ya dame ku. Ishaku ya auri Rifkatu ba takarda, Allah kuwa ya sa wa auren albarka. Bulus ya faɗa wa Korantiyawa kada wanda ya ba da gaskiya ya rabu da abokin aurensa saboda an ɗaura auren kafin tuba. Mu tuna kuma da iyalan nan uku na Ezra. Ba a kore su daga cikin jama'ar Allah ba, an ce su jira firist ne. Daga baya ma mun ga Meremot, jikan Hakkoz, yana gyaran garun Urushalima a Nehemiya sura 3, a Ezra sura 8 kuma shi ne aka danƙa wa azurfa da zinariya na Haikali ya auna. Mu kuwa ba mu da sauran jira, gama Babban Firist ɗinmu ya riga ya zo, shi ne Yesu, ya kuwa san nasa da sunansu.

Akwai littafin da gara ba ta ci, wuta ba ta ƙonewa, magatakarda kuma bai taɓa kuskure a cikinsa ba. Wahayin Yahaya ya kira shi Littafin Rai na Ɗan Ragon. Sa'ad da almajirai suka komo suna murna don aljanu sun yi musu biyayya, Yesu ya nuna musu abin da ya fi wannan cancantar murna, wato an rubuta sunayensu a Sama. Ba a shiga littafin nan da sunan kaka, ko da sunan gidan surukai. Auren coci ma ba ya sa mutum a ciki. Kowa da kansa zai tuba, ya ba da gaskiya ga Almasihu. Akwai bikin aure da ke zuwa, bikin Ɗan Ragon da amaryarsa ikilisiya, a ranar kuwa za a buɗe littattafai. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in aka duba, za a ga sunanka, za a ga sunanki?

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka saboda iyayenmu da kakanninmu, waɗanda aka rubuta aurensu da waɗanda ba a rubuta ba. Kai ne shaidar kowane alkawari da muka ɗauka. Ka gafarta mana inda muka ci amana. Ka ƙarfafa gidajen da suke tangaɗi, ka tsaya wa gwauraye da marayu. Ka ba masu riƙe da littattafan ikilisiya aminci cikin aikinsu. Wanda bai riga ya san ka ba, ka jawo shi yau, domin a sami sunansa a Littafin Rai. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ubangiji ya kiyaye ku.